Yadda ake saita madubin mota don ganin abin da ke gefe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara tuƙi ba. Sau da yawa nakan duba madubi in ga babu kowa, amma ina karkata sitiyari zan sauya hannu sai in ji hon, ashe mai babur yana dab da ni. Madubin ne ba shi da kyau, ko saitin ne ban iya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, galibi saitin ne. Yawancin direbobi suna juyo madubin gefe ciki har ƙofar baya da bodi su cinye kusan rabinsa. Sai ya zama madubai ukun, na ciki da na gefe biyu, duk bayan mota suke nunawa, an bar daidai kafaɗarka ta hagu da ta dama babu mai gani. A nan babur da adaidaita sahu suke ɓacewa.

Ka yi saitin mota tana tsaye, kuma ka fara da kujera, domin da ka matsar da ita komai ya sauya. Madubin ciki ba shi da wuya: juya shi har gilashin baya ya fito gaba ɗaya ba tare da ka ɗaga kai ba.

Na gefe ne ke son natsuwa. Tunda sitiyarinmu a hagu yake, ka jingina kai da gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har sai ɗan siririn gefen motar kawai ya rage a ciki. Sannan ka karkato zuwa tsakiyar mota, kanka ya zo saitin madubin ciki, ka yi wa na dama haka nan. Idan ka koma zamanka na tuƙi, jikin motar zai fice daga madubin biyu. Kada ka mayar, haka ake so. Saitin sama da ƙasa kuma, inda titi ya haɗu da sararin sama ya faɗo wajen tsakiyar madubi. Wani injiniya a Amurka, George Platzer, ya bayyana wannan hanya a 1995; madubin kan buɗe waje da kamar digiri 15 fiye da yadda aka saba.

Ka gwada a titi mai layi biyu, ka lura da motar da za ta wuce ka. Kafin ta gama fita daga madubin ciki, hancinta ya bayyana a na gefe; kafin ta bar na gefe, ka hango ta da wutsiyar ido. Idan ta ɓace gaba ɗaya a tsakani, ka ɗan taɓa madubin, ka sake gwadawa.

Duk da haka babur siriri ne, yana iya maƙalewa jikin tayar baya. Sa sigina tukuna, duba madubi, ka waiga kafaɗa sau ɗaya da sauri, sannan ka karkata. Ina roƙonka kada ka bar waigen nan. Ka kuma sani madubin dama a motoci da yawa mai ɗan tudu ne a tsakiya, yana ƙaranta abu, sai ka zaci yana nesa alhali ya iso. Ƙaramin madubin nan mai zagaye da ake mannawa a kusurwar waje yana taimakawa wajen fakin da ribas, amma kada ka auna tazara da shi.

Saitin nan ya dogara da madubin ciki. Idan kaya sun toshe gilashin baya, ko bas kake ja cike da fasinja, sai ka dawo da na gefen ciki kaɗan yadda za ka ga bayanka ta cikinsu.