Daga yatsan Girkawa zuwa ƙwayar zarra: yadda ake juya awo

Tambaya: Ina karatun kimiyya, an ba mu aiki mu nemi angistirom nawa ne a sitadiyon ɗaya na Girkawan da. Na saka a shafukan juya awo guda biyu, kowanne ya ba ni amsa daban. Wanne ne daidai, kuma yaya zan lissafa da kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa duk shafukan biyu ba su yi kuskuren lissafi ba. Matsalar tana gefen Girkawa ne, don ba su da ma'auni ɗaya da ya game duk biranensu.

Gefen ƙwayar zarra ba shi da gardama. Angistirom ɗaya, mai alamar Å, kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita, wato 10⁻¹⁰ na mita. Sunan Anders Ångström ne, masanin ƙasar Suwidin da ya auna tsawon igiyoyin hasken rana da wannan awo a 1868. Angistirom goma nanomita ɗaya ne, fikomita ɗari kuma angistirom ɗaya. Akwai kuma awon Bohr, tazarar da ke tsakanin ilektiron da cibiyar zarrar haidirojin a tsarin da Niels Bohr ya kawo a 1913, kusan angistirom 0.529.

Girkawa kuwa da jiki suke awo, kamar yadda muke da taƙi da kamu da gaba. Faɗin yatsa shi ne daktilos. Yatsu 16 ƙafa ɗaya, wadda suke kira pus. Yatsu 24 kamu ɗaya, pekus. Ƙafa shida gaba ɗaya, orgiya. Ƙafa 100 filetiron, ƙafa 600 kuma sitadiyon. Wannan tsari a tsaye yake, ƙafar ce ke sauyawa daga gari zuwa gari. Filin tseren Olimfiya yana nan har yau da duwatsun da ’yan gudu ke ɗora ƙafa a kansu, kuma daga layin farawa zuwa na ƙarshe mita 192.27 ne. Raba da 600, ƙafa ta tashi kusan milimita 320. Ƙafar da ake danganta wa Atina kusan milimita 296 ce, sitadiyonta ya zama mita 177.6. Tsakaninsu akwai kusan mita 15, fiye da kashi takwas cikin ɗari.

Sai abin da ya fi rikitar da ɗalibai: wasu shafuka mita 185 suke sakawa. Wannan adadi ya yi daidai da lissafin Rumawa, waɗanda suka ɗauki sitadiyon a matsayin ƙafarsu 625, wato kashi ɗaya cikin takwas na mil ɗinsu. Duk wanda ya raba 185 da 600 zai sami ƙafar milimita 308, wanda ya raba da 625 zai sami 296. Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta a saman takarda wace ƙafa ka zaɓa.

Ga lissafin. Mayar da awon Girkawa zuwa mita, sannan ka raba da ƙaramin awon, shi ma a mita. Na Olimfiya: 192.27 ÷ 10⁻¹⁰ = 1.92 × 10¹² Å. Na Atina: 1.78 × 10¹² Å. Na mita 185: 1.85 × 10¹² Å. In awon Bohr ake so, raba 192.27 da 5.29 × 10⁻¹¹, za ka sami kusan 3.63 × 10¹².

Yatsa ya fi sauƙin kamawa a zuci. Raba milimita 296 da 16, daktilos ɗaya milimita 18.5 ne, angistirom miliyan 185. Tazarar zarra biyu na kabon a cikin lu'ulu'u, wato daimon, angistirom 1.54 ce, don haka irin wannan tazara kusan miliyan 120 za su shige a faɗin yatsa ɗaya in aka jera su a miƙe. Juyi ta baya kuma, angistirom ɗaya kusan 5.4 × 10⁻⁹ na daktilos ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ninkawa a inda ya kamata a raba, sai amsa ta fito da 10⁻⁸ a maimakon 10¹². Gwajin mai sauƙi ne: in kana sauka daga babban awo zuwa ƙarami, dole adadi ya ƙaru. Wani kuma mantawa da mayar da milimita zuwa mita, amsa ta kauce sau dubu. Masu karatu da Faransanci, irin ’yan'uwanmu na Nijar, su kula cewa biliyan a can 10¹² ce, a Turancin Ingilishi kuwa 10⁹. Rubutu da ƙarfin goma, irin su 10⁹ da 10¹², ya fi aminci.

Kada kuma ka kwafe lambobi goma sha biyu da shafin intanet ya zubo maka. An san awon Bohr zuwa lambobi da yawa, amma ƙafar Girkawa daga duwatsu da gine-ginen da suka ci fiye da shekara 2,000 aka ciro ta. Lambobi uku sun isa. Ka miƙa wa malaminka 1.92 × 10¹² Å, ka rubuta a gefe cewa sitadiyon na Olimfiya ne, mai mita 192.27.