Dami na goma

Ɗana,

Saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini bayan sujadar yamma. Ka ce ka fara ɗaukar albashin koyarwa a Kano, kuɗin haya da na mota sun cinye rabi, ga maganin mahaifiyarka. Sai kuma wani mai wa'azi ya ce muku wanda bai fitar da zakka ba ɓarawo ne, wanda ya fitar kuwa zai hau mota kafin shekara ta zagayo. Kana tambaya yadda muke yi a gida, da kuma ko dole ce.

Ni a gona na san zakka, tun ban san kuɗi ba. Da kaka, in an yanke dawa an ɗaure, kakanka yakan jera dammunan a bakin gona ya sa ni ƙirga. Ɗaya, biyu, har tara, na goma a ja shi gefe. Ba a zaɓe. Wata shekara ƙirgen ya faɗa kan damin da ya fi kowanne girma, na faki idonsa zan musanya da ƙarami, sai na ji kara a gadon bayana. Sai da na koyi karatu na tarar da abin a Littafi Mai Tsarki, Littafin Firistoci sura 27: dabba ta goma da ta wuce ƙarƙashin sandan makiyayi ta Ubangiji ce, kada a duba kyanta ko muninta, kada a musanya. Tsohon bai iya karatu ba, daga bakin mai bishara ya ji, ya kuma riƙe.

Abin bai zama baƙo a ƙasar Sumaila ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma ɗaya cikin goma suke fitarwa daga amfanin damina, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma, kuɗi kuwa ɗaya cikin arba'in. Sunan ma ɗaya muke kira. Sai ka ga jakuna biyu sun taso daga gonaki biyu masu iyaka ɗaya, kowanne ya nufi inda za a kai nasa.

Namu rumbun ikilisiya ake kaiwa, a bayan majami'a. Tun da aka kafa ECWA a 1954, aikin da turawan mishan na SIM suka fara ya soma dawowa hannun 'yan ƙasa, tuwon fasto kuma ya dawo wuyanmu. Mata sukan kawo ƙwai, ko tiyar gyaɗa, ko kaza. A shekarar fari ta 1984 daga wannan rumbu aka riƙa auna wa gwauraye da marayu, kamar yadda Maimaitawar Shari'a sura 14 ta tsara. Ba zan ɓoye maka ba, da damina ta yi tsakiya ni ma na je da ƙwarya da dare, kaina a sunkuye. Hatsin da ubanmu ya kai, shi ya dawo ya raya mu.

Mai wa'azinku bai ƙirƙiri ayar ba, tana nan a Malakai sura 3. Amma ka karanta da kanka: cewa aka yi a kawo ɗakin ajiya domin a sami abinci a Haikali. Motar ce ban gani ba. Kakanka ya fi shekara arba'in yana fitarwa, ya rasu ya bar jaki ɗaya da garma. Zakka ba adashi ba ce da za ka zuba kana ƙirga ranar kwasarka. Bulus ya gaya wa Korantiyawa kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Gwauruwar da Yesu ya yaba kuwa anini biyu ta jefa, ba a kuma ce mana ta koma gida ta tarar da buhu a ƙofa ba.

Ga shawarata. Ranar da albashi ya shigo ka cire naka na goman, don abin da aka ce sai ƙarshen wata, ɓera ne ke gadonsa. Za ka ji tsoro a watannin farko, kowa ya ji. Amma kada ka ci bashi don ka fitar da zakka, a gan ka a yaba. In kuma wata ya zo da matsi har ya zama ko ita ko maganin mahaifiyarka, sayi magani. Wasu dattawanmu ba za su yarda da ni ba, sai dai a Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun ba Allah. Ka ba da abin da ya samu, kada kunya ta hana ka zuwa sujada.

Ka kuma kai ta inda ake karanta lissafi a gaban jama'a, kowa ya ji abin da ya shigo da inda ya tafi. Inda tambaya ta zama laifi, ka yi hattara.

Baikon godiya na bana sai an gama shigar da dawa. In ka sami hutu ka zo, idona ya yi rauni, ina bukatar mai ƙirga mini dammuna.

Baffanka