Kuɗin Laraba da ambulan ɗin jarrabawa: amsa ga ɗana malamin makaranta

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce iyayen 'yan ajin ƙarshe sun yi karo-karo ana dab da fara jarrabawar NECO ta kammala sakandare, an raba wa malamai kuɗin a ambulan, da ka nuna ɗari-ɗari sai wani babba a cikinku ya ce maka ai kuɗin Laraba ne, al'ada ce tun kaka da kakanni. Ka kuma ce wata uwa ta aiko maka da kwanon gero da ƙwan zabi, ka rasa ko ka karɓa ko ka mayar. Kana son sanin abin da al'ada ta ce.

Bari in fara da kuɗin Laraban, tunda da shi aka kafa maka hujja. A makarantar allo ana tashi ranar Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. To a wannan rana kowane yaro kan zo wa malam da ɗan abin da iyayensa suka ba shi. A zamaninmu kwabo ne ko sisi. Wanda gidansu babu, ya kawo ɗan hatsi, ko ya samo itacen da za a hura wutar karatun dare, kuma ban taɓa ganin malamin kirki ya kori yaro don ya zo hannu rabbana ba. Da damina almajirai su taya malam noma, da kaka manoman gari su kai masa zakka dami-dami. In yaro ya sauke, a yi masa zayyana a allo, a yi yanka, a kai wa malam rabonsa da sutura. Malamin allo ba ya da albashi a wurin kowa, gari ne ke riƙe da shi don kada neman abinci ya ɗauke shi daga gaban yara.

Ka lura da yadda abin yake tafiya. A fili ake bayarwa, kowane mako, ko yaro ya iya ko bai iya ba. Mai kawo kwabo da mai kawo sule biyawa ɗaya ake yi musu. Kuma duk dukiyar ubanka, malam ba zai ce ka wanke allo ba sai ka riƙe abin da ke kai. Ranar sauka ma gaban jama'a ake zaunar da yaro ya karanta, malaman unguwa suna saurare, in ya yi tuntuɓe kowa ya ji. Da a ce wani attajiri ya je ya ce wa malam ga rago, a bar ɗana ya tsallake izifi biyar, da malamin ya zama abin nuni a gari har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka kuɗin da ba ya zuwa sai jarrabawa ta ƙarato, a ɓoye, kuma kowa ya san abin da ake so a yi da rana tsaka a ɗakin jarrabawa, wato a kau da kai ko a rubuta amsa a allo, ba shi da dangantaka da Laraba ko ta kusa ko ta nesa. Toshiyar baki ce. Kada ka karɓa.

Amma ba zan zagi abokan aikinka ba, don na san abin da ya kai su. Malamin boko ma a da mutum ne mai daraja. Daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 aka yaye su Sardauna, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi hedimasta a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk alli suka fara riƙewa. Lokacin En'e, malamin elementare a ƙauye shi ke karanta wa mutane wasiƙa, dagaci na shawara da shi, kuma ba a hana shi aure. Abin ya fara sauyawa da shirin UPE na 1976, wato shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Niyya ce mai kyau, an buɗe ƙofa ga ɗan kowa, sai dai yara sun yi ambaliya kafin a tanadi masu koyar da su, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar malanta ta Grade II, albashin firamare ya koma yawo tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Gari ya janye hannunsa don an ce gwamnati ce ke biya, gwamnatin kuma ba ta biya yadda zai isa. Malami ya tashi a tutar babu.

Kai ma shaida ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ke cinye kaso mai yawa na albashinku. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, amma malaman firamare na Abuja, a gindin gwamnati, sai da suka shafe watanni suna yajin aiki a 2025 a kan a biya su shi. Tsarin albashi na musamman da aka yi wa malamai alkawari a 2020, tambayi na kusa da kai ko ya gan shi a aljihunsa. Ga aji ɗaya da yara sama da ɗari, wasu a ƙasa, wasu a taga. Ga fargabar da ta shiga zukata tun satar ɗalibai da aka yi a makarantun Ƙanƙara da Jangeɓe da Kuriga. Iyayen ma da suka tara kuɗin nan ba mugaye ba ne. Sun sayar da akuya sun biya kuɗin jarrabawa, sun san 'ya'yansu ba su sami karatun da zai fisshe su ba, tsoro ne ya sa su. Duk da haka, yaron da aka rubuta wa amsa yau, gobe zai riƙe takardar malanta ta NCE ya tsaya gaban jikokina. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi. Ana iya yin gardama kan yadda aka kore su, amma ka tambayi kanka ta wace hanya suka sami takardun tun farko. Kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri, ranar da asiri ya tonu kuwa ƙaramin malami ake fara miƙawa.

Geron nan kuwa, ka karɓa da hannu biyu. A wurinmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na talaka, za ta ɗauka ka raina ta ne. Ka ba ɗan aiken tukuici, ka aika mata da godiya da addu'a. Wannan shi ne ragowar waccan tsohuwar al'adar, uwa ta ga ɗanta ya fara haɗa baƙi, ta rasa yadda za ta gode. Sharaɗi ɗaya ne, kada geron ya bi ka har kan takardar yaron. In ya faɗi, ka rubuta ya faɗi, sannan ka je har gida ka yi mata bayani, ka ware masa ɗan lokaci bayan an tashi. In kuma ka ga kyautar mutum ba ta zuwa sai lokacin ba da maki, to ka gane wace iri ce.

Wajen mayar da ambulan ɗin ka bi a hankali, don shi wanda ya yi maka maganar ya girme ka, kuma tare za ku ci gaba da zama. Kada ka yi masa wa'azi a ofishin malamai. Ka same shi shi kaɗai, ka rusuna ka gaishe shi, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri, Baffana ya hana ni." Ɗora laifin a kaina, zan ɗauka. Za a yi maka kallon mai tsaurin kai na ɗan lokaci, wataƙila ma a cire sunanka daga masu sa ido a jarrabawar. Ka bar su.

In iyayen da gaske suke son taimaka wa malamai, akwai hanya. A kawo maganar a taron iyaye da malamai a farkon zango, a rubuta a littafi, a ce ga abin da za a riƙa bayarwa don darasin yamma na lissafi da Turanci ga 'yan ajin ƙarshe, marayu da marasa hali su shiga kyauta. Kai ka fara kawo shawarar, ka kuma ce za ka ɗauki yammacin Litinin da Laraba. In shugaban makarantarku ya yarda, ka sanar da ni, ina da tsofaffin littattafan lissafi a akwati, zan ba direban motar kasuwa ya kawo maka.

Ka gaida mahaifiyarka da mai ɗakinka.

Baffanka.