Kuɗina na littafi ɗaya ne: wanne zan saya cikin adabin Brazil?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya. Paulo Coelho kaɗai na taɓa karantawa daga Brazil, kuma kuɗin hannuna bai wuce na littafi ɗaya ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, ki sayi Machado de Assis, ba wani dogon zance. Coelho ya sayu a duniya, gaskiya ne, amma idan kika tambayi malamin adabi a Rio de Janeiro wa ke gaba a wurinsu, Machado zai fara ambata. An haife shi a 1839, jikan bayin da aka 'yanta ne, bai yi wani zurfin makaranta ba, amma shi ya zama shugaban farko na majalisar marubutan ƙasar da aka buɗe a 1897.

Littafin da zan tura ki gare shi shi ne Memórias Póstumas de Brás Cubas na 1881. Mai ba da labarin mamaci ne, daga kabari yake magana, har ya sadaukar da littafin ga tsutsar da ta fara cin gawarsa. Ɗan masu kuɗi ne da bai tsinana komai ba a rayuwa, kuma tunda ya mutu ba ya jin kunyar kowa. Babi 160 ne, wasu layi kaɗan, kina iya gama biyu kafin shayi ya huce. Ki lura kuma an fitar da shi shekara bakwai kafin a haramta bauta a Brazil a 1888. Akwai inda mai ba da labarin, yana yaro, yake hawa bayan ɗan bawa kamar doki, marubucin ya wuce kamar ba komai, ya bar ki da zafin.

Abu ɗaya wajen saye: tsohuwar fassarar Turanci ta 1952 sunanta Epitaph of a Small Winner. Littafi ɗaya ne, kada mai shago ya sayar miki da shi sau biyu. Sababbin fassarori biyu sun fito a 2020. In kin samu ta kamfanin buga littattafai na Penguin ki ɗauka, tana da bayanai a ƙarshe.

In kuma irin wannan barkwancin birni bai burge ki ba, nemi Vidas Secas na Graciliano Ramos, 1938: makiyayi Fabiano da iyalinsa da karyarsu Baleia suna gudun fari a arewa maso gabashin ƙasar. Matarsa ba ta da buri sai gado na kirki. Ni dai shi ya fi taɓa ni.

Tambaya: An ce akwai Hausawa a tarihin Brazil. Wane littafin labari ne ya kawo su?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai littafin tarihi ya kamata ka saya. A 1835 bayi Musulmi sun yi tawaye a birnin Salvador na jihar Bahia, mafi yawansu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, an kuma samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Masanin tarihi João José Reis ya rubuta littafi guda a kai, akwai shi da Turanci. In rayuwar Bahia kake so cikin labari, to Jorge Amado ne mutuminka, amma bautar gumakan Yarabawa da ma'aikatan gonar koko za ka fi tararwa a wurinsa, kada ka saye shi don neman Bahaushe.