Hannu da shuni: na marini ne ko na mai riga?

Tambayoyi huɗu suka taru a gabana wannan makon, kuma kamar an haɗa baki, duk a bakin marina suka tsaya. Zan fara da ta wani malamin firamare daga Ƙauran Namoda, don ita ce mai nama.

Ya ce: "Malam, gardama ta sarƙe tsakanina da abokan aikina. Ni na ce asalin 'masu hannu da shuni' marina ake nufi, tunda su ne hannunsu ke cikin rini kullum. Su kuwa sun ce ba haka ba ne. A raba mu."

Malam, sai dai ka yi haƙuri, abokan aikinka zan bai wa gaskiya. Inda ka zame shi ne ka ɗauki baba da shuni abu guda, alhali marini ba ya haɗa su.

Baba shi ne tsiron. Ana shuka shi a gona, a yanke, a sassara ganyen, a shanya. Akwai kuma talaki, wanda ke yaɗo a daji musamman can kudu, shi ma ana rini da ganyensa. Shi wannan ganye ake zubawa cikin rijiyar marina tare da toka da ruwa, a rufe, a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda har ruwan ya nuna. Shuni kuwa tataccen launin ne da ake samu daga baba, a busar da shi. Da shi mabuga ke aiki: bayan an gama rini sai a shafa shi a jikin tufa, a ɗora bisa gungume, a yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli kamar an zuba mata mai. Iyayenmu mata ma da shi suke shafe kitso a da.

To ga inda maganar take. Baba cikin zare yake shiga ya zauna. Shuni a bisa yake kwanciya, shi ya sa yake zuba. Duk wanda ya sa kore, wato baƙar rigar nan mai ƙyallin shuni, ko ya naɗa rawani ɗan Kura, kafin azahar za ka ga wuyansa da goshinsa da tafin hannunsa sun yi shuɗi. Buzaye, da suka fi kowa son turkuɗi, wato rinannen yadin nan mai ƙyalli na garin Kura ta ƙasar Kano, ba su ɗauki wannan zuba a matsayin aibi ba, ado ne, har Turawa suka riƙa ce musu shuɗɗan mutane. Irin wannan tufa kuwa ba ta talaka ba ce. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma ratsa ta Zurmi da Wurno da Gwandu a 1853, ya rubuta cewa rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kayan fatauci ne masu tsada. Saboda haka idan ka yi musafaha da mutum ka ga shuni ya biyo hannunka, ka san ka gaisa da mai sarauta ko attajiri.

Hannun marini daban ne. Na san shi tun ina yaro, lokacin da kakata ke aikena da koɗaɗɗen zanenta marinar garinmu, can yamma da Talata Mafara. Tun kafin ka iso wari zai tarbe ka. Akwai wani dattijo da ke zama a bakin rijiyarsa bisa ɗan guntun buzu, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwa, farcensa kamar an tsoma a tawada. Ko ranar Sallah haka yake zuwa idi. Kafin ya karɓi zane sai ya tsoma yatsa cikin ruwan ya ɗanɗana a harshe, in bai yi masa ba ya ce in dawo jibi. Abin da ya fi ɗaure min kai a lokacin shi ne zanen ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, kamar ruwan kududdufi, sai ya matse ya baza shi a iska, kana kallo yana juyewa. Na daɗe ina zaton asiri ne. Sai da na girma na fahimci cewa launin baba ba ya narkewa a ruwa sai ruɓa da kaifin toka sun sauya shi, in iska ta buge shi kuma sai ya koma yadda yake, ya maƙale cikin zare. Shi ya sa ake tsomawa a fitar, a tsoma a fitar. Yawan tsomi shi ne duhun launi. Wannan dattijo dai ban taɓa jin an ce masa mai hannu da shuni ba, kuma da jaki ɗaya ya bar duniya.

Ban ce babu marinan da suka yi arziki ba. Akwai masu rijiyoyi da yawa da barori, suna sayen fari su rina su sayar. Amma su ɗin ma sai da suka daina tsoma hannu suka fara sa kore.

Wata ɗiyata daga Argungu ta rubuto: "Baba Malam, mi ya haɗa rina mai harbi da zanen mahaukaciya? Kullum ina jin ana cewa 'dama an san a rina'."

Ɗiyata, babu abin da ya haɗa su. Rina mai harbi suna ne, ita ce ta "ya taɓo gidan rina". Wannan kuwa aikatau ne, daga rini. Cikakken karin maganar shi ne: "An san a rina, an saci zanen mahaukaciya." Mahaukaciyar gari zanenta ɗaya, da shi take yawo kasuwa da tasha, yaro da babba kowa ya san shi. Wanda ya sace shi ba shi da halin ɗaurawa ko sayarwa sai ya sauya masa kama, hanyar sauya kama kuwa ɗaya ce a wancan zamani: marina. Don haka ana faɗinsa idan abu ya faru wanda tun farko kowa ya hango shi. Wanda ya ba kura ajiyar nama, ranar da ya zo yana salati sai a ce masa dama an san a rina. Ki lura da yadda muka yanke wutsiyar maganar muka riƙe kanta. Yawancin karin magana mai gaɓa biyu haka yake ƙarewa a bakin mutane, har a wayi gari masu tasowa ba su san da gaɓa ta biyun ba.

Daga wannan aikatau ne kuma muke cewa idonsa ya rine don fushi, ko gabas ta rine da hadari.

Tambaya ta uku daga wani Alhaji ce mai shagon yadi a kasuwar Jega. Ya ce masu saye suna ce wa zane mai zanen fari-fari cikin shuɗi adire, wasu su ce kamfala, shi kuma yana so ya san sunansa na Hausa tsantsa, ya kuma san ko aikin namu ne ko aro muka yi.

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Adire kalmar Yarbanci ce, ma'anarta a ɗaure a rina. Kada kamannin "re" ɗinsu da "rina" tamu ya ruɗe ka ka ce ɗaya ta haifi ɗaya; harsunan biyu ba dangi ba ne, kuma kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja. Kamfala sunan babban birnin Yuganda ne, Kampala. Bayanin da aka fi yawan bayarwa shi ne irin wannan yadi mai launuka ya yi tashe a daidai lokacin da aka yi zaman sulhun yaƙin basasar Nijeriya a can a 1968, sai sunan ya bi shi. Ba abin mamaki ba ne, kai ka fi ni sanin yadda ake raɗa wa atamfa sunan abin da ake yayi.

Mu a Hausa aikin muke kira da sunansa: a ɗaure, a ƙulle, a ɗinke. Hikimar guda ce, wato a hana baba shiga wani wuri. Mace za ta zauna a tsakar gida da farin ƙyalle a cinya, ta sa ɗan tsakuwa ko ƙwayar hatsi, ta tattaro yadin a kansa ta naɗe da zare tam, ta matsa gaba ta sake wani, har sai ƙyallen ya tsuke ya koma kamar buhun ƙulle-ƙullen magani. Wata kuma da allura za ta bi shi, ta ja zaren ya takure. Daga nan sai marina. In ya bushe aka warware, duk inda zare ya kama sai ya fito fari, zobe-zobe ko layi-layi. Na taɓa shan dukan kakata a kan wannan, don ɗokin ganin ado ya sa na kwance mata ɗauri tun zanen yana ɗiga, launi ya malala cikin farin ya dagule. Ba ta yar ba, ta mai da shi na shiga madafa, kuma duk ranar da ta ɗaura sai ta harare ni.

Batun namu ne ko aro, a nan zan ɗan ja maka birki. Wannan sana'a ba ta da uba ɗaya. Yarabawan Abekuta da Ibadan da Oshogbo suna da ɗauri da ɗinki irin namu, sun kuma ƙara da wanda ba mu saba da shi ba: su dama kunun garin rogo mai kauri, su zana shi a kan yadi da gashin kaza ko ta cikin hudajjen faranti, in ya bushe ya tare rini. A wurinsu mata ke rini, cikin manyan tukwane. A wurinmu maza ne a bakin rijiya, mata na ɗauri a cikin gida. Mali da Senigal da Gini duk suna da nasu. Mutanen Japan suna ce wa nasu ɗaurin shibori, a Indiya bandani, a Indunusiya kuwa da kakin zuma suke tarewa su ce batik, kuma kwaikwayon wannan batik ɗin da masana'antun Holan suka yi shi ne kakan atamfar da ke shagonka. Duk inda aka sami auduga da baba, wani ya gano cewa ƙulli yana hana launi shiga.

Abin da zan iya tsaya maka a kai shi ne shaidar harshe. Dubi sunayen tufafin manya: alkyabba, jabba, kaftani, alharini, duk baƙi ne, ta hannun Larabawa suka iso mu. Larabawa suna ce wa baba nila, kalmar da su ma daga Indiya ta zo musu. Da daga wurinsu muka koyi rini, da wuya a ce wannan kalma ba ta biyo sana'ar ba. Amma baba, shuni, rini, katsi, bugu, babu mai ƙamshin Larabci a ciki. Aron da ke cikin sana'ar na baya-bayan nan ne, irin su galura da bula, waɗanda suka zo tare da launin kanti. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma shi da yadin inji su suka yi ta cin marina sannu a hankali. Ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki, amma rijiyoyi da yawa a cikinta sun bushe.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Birnin Kebbi, wanda ya ga "baba" a rubuce cikin darasin sana'o'i ya ɗauka mahaifi ake nufi, ya kuma tambayi bambancin marina da karofi.

Ƙanena, laifin rubutunmu ne da ba ya nuna karin sauti. Baba har huɗu gare mu. Na mahaifi murya ƙasa take farawa ta hau, ƙarshen gajere. Ta uwa ko goggo sama take farawa ta sauko. Na rini duka gaɓoɓin sama suke, a ja su. Na huɗu shi ne baban gidan sarki, wato dandaƙaƙƙen bawa, jam'insa babanni, ƙasa sannan sama, ƙarshen a ja. Ka sa wani tsoho ya faɗa maka su a jere, kunnenka zai raba. Haka marina: in muryar ta tafi sama bai ɗaya, wurin ake nufi, in ta faɗa a tsakiya, mutanen ne, jam'in marini. Gwada da maƙera da majema da masaƙa, duk haka suke.

Marina da karofi kuwa abu ɗaya ne, bambancin na yanki ne. Mu nan yamma marina ta fi zama a bakinmu, ga Shiyar Marina can a Sakkwato. Karofi ka fi jin sa gabas: akwai garin Karofi a ƙasar Dutsin-ma, akwai Karofin Madaki a cikin Bauchi. In ka bi irin waɗannan unguwanni yau, sau da yawa suna kawai za ka tarar, an cike rijiyoyin an yi gini a kai. In ka dace da wadda ba a cike ba, leƙa ka duba bangonta. Abin da aka shafe ta da shi laso ne, wanda ake haɗawa da katsi, wato laka da tukar da ake kwasowa daga gindin rijiyar a ƙona, a cuɗa da gashin akuya na majema da ruwan wani tsiro mai yauƙi da ake kira dafara. Da shi magina ke shafe rufin soro kafin zuwan siminti.