Tambayi kuɗin kafin ka buɗe firijin otal

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta rubuto: "Malam, zan kawo mahaifiyata asibitin ido na ƙasa da ke Mando, an ce mu zo da sassafe. Ba mu da kowa a Kaduna, ban taɓa kwana a otal ba, kuma ina jin tsoro tunda mu biyu ne mata."

Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya yi miki albarka, 'yata. Kwantar da hankalinki, kullum mata na sauka a otal su tashi lafiya. Ki nemi masauki a wajejen Kawo ko Mando ko kan titin Ali Akilu. Kada wani ya ja ki Barnawa don wai can ɗakuna sun fi kyau, sai kun tsallako kogi da cunkoson safiya kafin ku kai asibiti. Ku iso tun ana gobe, da rana tsaka, ki riƙe katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, kuma ki ce a nuna miki ɗakin kafin ki biya. Ki nemi na ƙasa, mai ciwon ido ba ta da haɗi da matakala. Ki murɗa famfo ki ga ruwa, ki gwada sakata, ki duba santsin banɗaki. Ki taho da butarku da sallaya, domin ba kowane sabon otal ke ajiye su ba, sannan ki tambayi alƙibla tun a kanta. Ki tambaya ko akwai mashaya ko wurin kiɗa a harabar, kada Hajiya ta kwana ido biyu. Ɗakin da tagarsa ke kallon janareto kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Hayaƙin nan yana kashe mutum cikin barci.

Wani ɗan kasuwa kuma ya ce ya hau jirgin ƙasa daga tashar Idu ta Abuja ya sauka Rigasa don baje kolin duniya na Kaduna. A waya an ce masa ɗaki ₦40,000, da safe aka miƙo masa takardar da ta haura ₦70,000. Ya biya bai ce uffan ba saboda akwai mutane a wurin. Yana tambaya, "Wannan ba damfara ba ce?"

Alhaji, kafin mu kira ta damfara, ka karanta takardar kuwa? Na san ba ka karanta ba, domin da ka karanta da ka faɗa mini abin da ke ciki. Bari in yi maka lissafin da ya kamata ka yi tun a waya. Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairun 2020, a kan ₦40,000 ya zama ₦3,000. Otal da yawa suna ɗora kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10, wato ₦4,000. Ka ga ɗakinka ya kai ₦47,000 ba ka ko sha ruwa ba. Ragowar kuwa ina iya rantsuwa cikinka ta shiga: farfesun da ka sa aka hawo maka da shi ɗaki da dare, lemon da ka ciro daga ƙaramin firij, wataƙila har da kaftanin da ka bayar a goge.

Abin da ke ba ni haushi ba kuɗin ba ne, shirun ne. Bahaushen da zai yi rabin sa'a a kasuwar Gumi yana ja-in-ja a kan yadin shadda, ya tafi ya dawo har sau biyu kafin a ce an sallama, shi ne zai shiga otal ya ga tayil na ƙyalli da yarinya a kanta tana turanci, sai bakinsa ya mutu. Kunya yake ji kada a ce baƙauye ne. To wa zai ce? Yarinyar nan albashi take jira kamar kowa, kuma ta fi ganin girman wanda ya tambaya a kan wanda zai tsaya yana zufa yana kiran ƙaninsa a waya ya turo masa ciko. Da can, lokacin da in an ce otal a Kaduna Hamdala ake nufi ko Durbar da aka gina saboda bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, manyan ma'aikata ne suka fi sauka, ofis ke biya, ba mai duba takarda. Durbar ɗin ma an rushe shi a 2020. Mun gaji rashin duba takarda, amma ba mu gaji mai biya mana ba.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na sauka wani otal a cikin garin nan, na tarar da gorar ruwa biyu da 'yar kwalbar gyaɗa a kan teburi, na ce kai, mutanen nan sun san karamci. Na cinye gyaɗar tas ina kallon labarai. Da safe ina ɗaga farantin sai ga 'yar takardar farashi kwance a ƙarƙashinsa. Abin da na biya na kwalbar nan zai sayo mini mudu guda a kasuwar Kawo. Tun ranar, ko tsinken sakace aka ajiye mini sai na ce, wannan yana cikin kuɗin ɗaki?

Tambayoyin da za ka yi wa otal ba su da yawa. Kuɗin da kuka faɗa da haraji da kuɗin hidima a ciki, ko sai an ƙara? Da karin kumallo? Na mutum ɗaya ko biyu? Ƙarfe nawa ake fita? Yawanci sha biyun rana ne, in ka zarce wasu su caje ka rabin kwana. Ƙarfe nawa ake tayar da janareto, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Wannan ta ƙarshe ita ce ke raba otal da otal. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, ₦225 kowane yunit, man dizal kuwa kowa ya san inda ya kai. Don haka in ka ga talla a Facebook, hoto kamar fadar sarki, wuta dare da rana, kuɗi kamar na ɗakin tasha, aka kuma ce ka tura kafin alƙalami zuwa asusu mai sunan wani mutum ba sunan otal ba, to ka riƙe kuɗinka. Wannan ita ce damfarar. Ita kuwa takardarka, Alhaji, ka nemi a rarrabe maka ita ɗaya bayan ɗaya a gaba, in ka ga abin da ba ka ci ba ka ce a cire, kuma ka karɓi rasit.

Game da abinci, in kana son ka ci a otal ka sauko ɗakin cin abinci ka ga farashi da idonka. Abincin ɗebi-da-kanka yana da daɗi in ka zo da wuri. Wanda ya wuni a kan ɗumi, musamman kifi da salak, bar shi. Ruwan gora kuma ka tabbata a gabanka aka ɓalle murfin.

Wani ango daga Tudun Wada yana son ya ci bashi ya kai amarya otal kwana uku, don abokinsa ya yi haka.

Ƙanena, abokinka ne zai biya bashin? Ka gama biyan kuɗin hayar gidan da za ta zauna? In kana da halin kwana ɗaya daga aljihunka, bismillah, Allah ya ba da zaman lafiya. In babu, ka sayo gasassun kaji biyu da fura mai sanyi ka kai mata ɗakinta.

Wani kuma yana tambaya ko ya halatta ya tafi da tawul da silifas ɗin otal tunda ya biya kuɗi.

Kwana ka saya, Malam, ba kayan ɗaki ba. Ɗan sabulun da ka riga ka jiƙa, ɗauki abinka. Tawul kuwa kafin ka kai bakin ƙofa an leƙa ɗakin an ƙirga, kuma a gaban jama'a za a ce ka buɗe jaka.