Mene ne bambancin buronshit da nimoni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Daga Garwa nake rubuto wannan. Da hunturun nan maigidana da ɗanmu mai shekara 2 suka kama tari kusan lokaci ɗaya. A asibiti aka ce na maigidan buronshit ne, aka ba shi maganin zazzaɓi kawai aka sallame shi. Yaron kuwa aka ce nimoni ne, aka yi masa hoton ƙirji, aka kwantar da mu. Surukata ta ce ai tari duk tari ne, a ba maigidan sauran maganin yaron. Mene ne bambancin sunayen nan, kuma a ina ciwon yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Kada a ba maigidan maganin yaron. Bai ma kamata a samu saura ba, domin yaron zai shanye nasa ne har ranar da aka yanka masa, ko da ya warware yana ta wasa. Surukarki tana da gaskiyarta, a kunne tari duk ɗaya ne. Amma sunayen nan biyu wurare biyu suke nunawa a hanyar da iska ke bi cikin jiki, kuma wurin da ciwo ya zauna shi ke faɗa wa likita irin maganin da zai bayar.

Iska ta hanci take fara shiga, inda gashi da majina ke tace ƙura, a ɗumama ta, a jiƙa ta. Daga nan ta gangara maƙogwaro, inda hanyar abinci da ta iska ke haɗuwa kafin su rabu. A bakin hanyar iskar akwai ɗan murfi na guringuntsi da ke rufewa duk sanda aka haɗiye abu. Idan ya makara, sai mutum ya ƙware. Ƙasa da shi akwai akwatin murya, wanda ke turowa a wuyan maza, wato zakaran wuya.

Daga nan ki ɗauka bishiyar darbejiya ce aka kifa, gindinta a wuya, rassanta a cikin ƙirji. Gindin shi ne babban bututun iska, tsawonsa a jikin babba santimita 10 zuwa 12, da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi rufewa. A tsakiyar ƙirji ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Waɗannan rassan su ake kira buronsh da Faransanci. Na dama ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa, shi ya sa idan yaro ya ƙware da ƙwayar gyaɗa galibi can take faɗawa, kuma shi ya sa ba na son ganin ana ba ɗan shekara 2 gyaɗa yana guje-guje. Rassan suna ta rarrabuwa wajen sau 23, suna ƙara sirancewa, har su ƙare a ƙananan jakunkunan iska da ido ba ya gani, waɗanda likitoci ke kira albiyol. Babban mutum yana da su miliyan 300 zuwa 500. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, domin zuciya ta ci masa wuri.

Duk bututan nan hanya ce kawai. Ainihin aikin numfashi a jakunkunan ake yinsa. Bangonsu siriri ne ƙwarai, ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe shi, ta nan oksijin ke ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita ta fito. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kusan kashi 16.

To, yanzu takardar asibiti. Idan kika ga kalma a rubutun Faransanci ta ƙare da haruffan nan uku, i-t-e, kumburi ake nufi, farkon kalmar kuma shi ne wurin. Larinjit kumburin akwatin murya ne, shi ke dushe murya. Buronshit kumburin rassan ne. Cikinsu ya yi ja, ya tara majina, jiki yana tari don ya fitar da ita, amma jakunkunan suna nan lafiya, jini yana samun iskarsa. Mafi yawan buronshit na ɗan lokaci ƙwayar bairas ce ke kawo shi, antibiyotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas. Likitan da ya sallami maigidanki da maganin zazzaɓi bai yi masa rowa ba. Ni ma abin da zan yi ke nan, ko da yake na san mutanenmu ba sa jin an duba su sai sun fito da leda cike da magani. Tarin kan kai mako 3 kafin ya tafi, ƙurar hunturu kuma tana ƙara ja masa lokaci, musamman a nan arewa inda iska ke kwaso ta daga kwarin Bodele na Chadi ta juye mana.

Nimoni kuwa ciwon ya wuce rassan, ya sauka cikin jakunkunan kansu. Suna cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin shiga, jini ya wuce bai ɗauki oksijin ba. Wannan wurin da ya cika shi ke fitowa fari a hoton ƙirji, wanda a asibitocinmu ake ce wa radiyo. Sau da yawa bakteriya ce, don haka ake ba da antibiyotik irin su amoksisilin. Huhu yana lulluɓe da wani tantani mai ninki biyu, kuma idan kumburin ya kai gare shi ne mutum ke jin suka a gefe duk sanda ya ja numfashi, abin da muke kira ciwon haƙarƙari. Ƙaramin abin da aka maƙala wa yaron a yatsa oksijin na jininsa yake aunawa: mai lafiya yana nuna 95 zuwa sama, idan ya sauka ƙasa da 90 sai a sa masa iska. Ba ciwon wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ƙirga numfashi, domin ba ya buƙatar na'ura sai agogon waya. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko leɓunansa sun sauya launi, ko yana ta barci ba ya tasuwa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ki kuma duba katin rigakafinsa, domin Kamaru ta saka allurar da ke kare yara daga babbar ƙwayar nimoni cikin rigakafin yara tun 2011. A nisanta shi da hayaƙin itace a madafa, shi ma yana raunana huhun yara.

Shi kuwa maigidan, ya yawaita shan ruwa, ya riƙa rufe hanci da baki idan zai hau babur cikin hazo, idan yana shan taba ya ajiye ta. Amma idan tarin ya wuce mako 2 ba sauƙi, ko yana zufa da dare, yana ramewa, ko ya ga jini a kaki, ya koma a gwada kakinsa. A takardar gwajin za ki iya ganin haruffan BK. Ƙwayar tarin fuka ake nema, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, kuma idan an same ta a mutum ɗaya, yaran gidan ma sai an duba su.